Minti ɗayan mutum da minti ɗayan inji ba ɗaya ba ne

Jama'a, duk wanda ya ce maku an yi adalci don an ba yaro minti ɗaya an ba kwamfuta minti ɗaya, to ko dai bai taɓa buga darar ces a waya ba, ko kuwa raina mana hankali yake son yi. Na faɗi wannan a majalisa, na faɗa a gurup ɗinmu na WhatsApp aka ce na cika tsaurin ido, to bari in rubuta a nan inda ba mai goge mini saƙo. Rubutun da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye sai dare.

Ga waɗanda ba su san abin da ake ciki ba. Tun bayan da Tunde Onakoya ya shafe awa 60 yana buga ces a dandalin Times Square na birnin New York a watan Afrilun 2024, samarinmu da dama suka sauke manhajar wasan a wayoyinsu. Ni abin ya yi mini daɗi, don ko ba komai ya fi zaman cacar ƙwallo. Sai wasu 'yan uwa suka kawo shawarar a yi gasa a hutun Sallah, aka yi karo-karo, har wani bawan Allah ya yi alkawarin sabuwar waya ga wanda ya zo na ɗaya. Masu son shiga suka yi yawa, daga nan Augie da ƙauyukanmu, da Argungu, har da ɗalibanmu da ke Birnin Kebbi. Da kwamiti ya ga sunaye sun fi ƙarfinsa sai ya fito da hanyar tacewa: kowa ya zauna inda yake, ya buga wasa uku da wani inji mai matsakaicin ƙarfi da aka zaɓa, kowane wasa minti ɗaya ba ƙari, ya turo hoton sakamako. Wanda bai ci ko ɗaya ba ya fita.

Da aka fitar da sunaye, kusan duk yaran Bayawa da Tiggi da Bubuche sun faɗi. Cikinsu akwai wani yaro da na sha ganin yana zaunar da manya a kan allo, irin yaran nan da ke shiru sai dai ka ga sarkinka ya rasa wurin gudu. Na tambaye shi, ya ce: "Yaya, wallahi duk ukun ina gaba da shi, na biyu har sarauniya na ci mai. Lokaci ɗai yaƙ ƙare." Na kai maganar wurin shugaban kwamiti, wanda yayana ne kuma ina ganin girmansa, ya ce mini: "Ai agogo bai da son kai. Abin da anka ba wanga shi anka ba wancan."

Wannan maganar ce nake son mu zauna a kanta, domin tana da daɗin ji, kuma ba gaskiya ba ce.

Irin wannan wasa na minti ɗaya shi ne ake kira bulet, wato harsashi. Kowa na da daƙiƙa 60 na wasan baki ɗaya. In wasa ya kai taku 40, wanda ba wani dogon wasa ba ne, daƙiƙa ɗaya da rabi ke nan kowane taku. To cikin wannan daƙiƙa ɗaya da rabin me yaro zai yi? Sai idonsa ya ga abin da aka taka. Wannan kaɗai, kafin a zo ga tunani, yana cin kusan rubu'in daƙiƙa ga lafiyayyen mutum, haka Allah ya yi jikin ɗan Adam. Sai ya yanke shawara. Sai ya ɗora yatsa a kan ɗan darar, ya ja shi ko ya taɓa gidan da zai kai shi, a kan gilashin waya wanda wataƙila a tsage yake, da yatsa mai gumi. Sai saƙon ya bar wayarsa, ya hau eriya, ya bi hanyarsa har zuwa babbar kwamfutar dandalin a wata ƙasa, a can ne za a tsayar masa da agogo. Mu ce gani da motsa yatsa kawai suna cin rabin daƙiƙa, ban ma sa tunani ba. Taku 40 sun cinye daƙiƙa 20. Wasa in ya ja ya kai taku 60, rabin mintin ya tafi a aikin hannu tsantsa.

Inji fa? Ba ya da ido, ba ya da yatsa, ba ya da gilashi. Takunka na isa gare shi a matsayin 'yan haruffa, ya mayar da amsa a matsayin 'yan haruffa. Duk daƙiƙa 60 ɗinsa na lissafi ne, kuma bai ma buƙatar su, domin Stockfish, injin da aka fi amfani da shi, yana duba dubban ɗaruruwan yanayin allo a daƙiƙa guda ko a kan waya. Shi ya sa za ka duba agogo a tsakiyar wasa ka ga kai saura daƙiƙa 12, shi yana 50 da wani abu. An ba ku minti ɗaya ɗaya, gaskiya ne, amma kai an yanke maka haraji a kowane taku, shi ba a yanke masa ba. In an ba mutum biyu buhun shinkafa ɗaya ɗaya, ɗaya nasa a huje, aka ce su kai Argungu, wa zai ce an raba daidai don a Augie an auna daidai?

Kuma kada wani ya ce ni na ƙirƙiro wannan. Waɗanda suka fara haɗa mutum da inji sun san da shi. A watan Mayun 1997 da Garry Kasparov ya kara da Deep Blue na kamfanin IBM a New York, injin da ke duba yanayi kusan miliyan 200 a daƙiƙa, mutum aka zaunar a gaban Kasparov. Inji ya faɗi taku, mutumin ya karanta, ya ɗaga hannu ya motsa ɗan darar, ya danna agogo, kuma agogon injin na tafiya duk tsawon wannan lokaci. Wato har Deep Blue sai da aka ara masa hannu ya biya harajin. Wasan kuma na awanni ne, an ƙare 3½ da 2½. A 2006 da Vladimir Kramnik ya kara da Deep Fritz a birnin Bonn na Jamus, sai da aka ba shi kwafin manhajar tun kafin gasa ya yi atisaye da ita, aka kuma yarda ya riƙa kallon allon kwamfutar muddin tana karanto takunta daga kundin buɗe wasa da aka loda mata. Me ya sa? Don kowa ya yarda cewa takun da inji ya ɗauko daga ajiya nan take ba tunani ba ne, kwafa ce. Duk da haka Kramnik ya sha kashi 4 da 2. Zakaran duniya ke nan aka yi wa wannan tanadi. Mu kuma mun ɗauki yaron Tiggi da wayar hannu ta biyu mun ce je ka, agogo ba ya son kai.

Na san amsar da za a ba ni, don an riga an ba ni ita a gurup. Wai ai inji ko an ba ka awa goma sai ya ci ka, to mene ne na kuka da sauri? Wannan gaskiya ne in ana maganar inji da cikakken ƙarfinsa. Magnus Carlsen, wanda ya kai maki 2882 a 2014, makin da ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa kaiwa, bai kama ƙafar Stockfish ba, wanda ake ƙiyasta shi sama da 3500. Ba wanda ke musun wannan. Amma ba shi aka ba yaranmu ba. An ba su injin da aka rage wa ƙarfi da gangan, aka ce wannan sa'anku ne. To a nan matsalar take. An rage masa basira, ba a rage masa sauri ba. Zai yi kuskuren da ɗan koyo zai yi, ya bar doki a banza, ya bar sarauniya a ci, amma zai yi kuskuren cikin ƙiftawar ido. Ɗan Adam mai irin wannan rauni, in ya rasa sarauniya sai ya tsaya, ya dafe kai, ya ɓata daƙiƙa biyar yana jin haushi. Inji ko a jikinsa. Zai ci gaba da jefo maka taku marasa kan gado ɗaya bayan ɗaya, kai kuma dole ka duba kowanne, don a cikin goma ɗaya na iya zama tarko. Ka fi shi wasa, allo ya nuna ka fi shi, sai agogo ya ba shi nasara. Abin da ya faru da yaron nan ke nan har sau uku. To me aka auna? In iya ces ake nema, ai ya nuna. In saurin yatsa da kyawun waya ake nema, sai a faɗa mana tun farko mu san gasar da muka zuba wa kuɗi.

Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi, kuma wani ƙanena mai karatu a Birnin Kebbi ne ya kawo ta. Ya ce ai mutum ma an ba shi damar taka nan take. Akwai abin da suke kira firimuf: kana iya ajiye takunka tun abokin wasa bai taka ba, yana takawa naka ya fita da kansa. A Lichess ba a cire maka komai a agogo in ka yi haka, a Chess.com ana cire kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ya ce to ga shi an daidaita.

Ƙanena, ba a daidaita ba. Takun ajiya na mutum a makance ake yin sa. Ka ajiye shi ne kafin ka ga abin da za a taka, kana fatan abokin wasa zai yi abin da kake zato. In ya saɓa, takunka zai fita duk da haka in dai doka ta yarda da shi, ko da kuwa sarauniyarka zai kai bakin soja. Duk mai buga bulet ya san zafin wannan, har akwai masu yin taku na banza da gangan don su kama mai ajiya. Caca ce, kana sayen lokaci da haɗari. Inji kuwa sai ya ga takunka tukuna, ya lissafa, sannan ya amsa, kuma duk wannan ya fi ajiyarka ta makanta sauri. Kai an ce zaɓi ɗaya, ko gani ko sauri. Shi an ba shi duka biyun. In wannan ne daidai, to ban san ma'anar kalmar ba.

Akwai abin da zan ba su gaskiya a kai. Wasu na ƙorafin cewa inji na yin tunani a lokacin da agogonka ke tafiya. Wannan ban ga laifinsa ba, mu ma muna yi. Wa ke rufe ido in abokin wasa na tunani? Haka ma haddar buɗe wasa, manyan 'yan wasa na haddace taku 15 ko 20 su zubo su ba tsayawa. Bambancin dai shi ne mutum na mantuwa, kundin inji ba ya mantuwa, kuma a ƙarshen wasa in 'ya'yan dara sun rage bakwai ko ƙasa da haka, akwai rumbun da aka riga aka lissafe kowane yanayi har ƙarshensa, inji leƙawa kawai zai yi in an haɗa shi da shi. Amma bar wannan, ba shi ya kayar da yaranmu ba. Hannu ne da netwok.

Maganar netwok ɗin nan ita ta fi ci mini rai, don ita ce ta raba yaran ƙauye da na birni. Duk wanda ke zaune a yankin nan ya san yadda sabis yake. Ka taka, alamar nan ta tsaya tana juyawa, kana kallo daƙiƙa uku sun tafi. Wani sai ya hau tudu ko ya je bakin titi kafin ya samu sanda biyu. In hadari ya haɗu ko wuta ta daɗe ba ta zo ba, sai abin ya ƙara lalacewa. Dandalin wasan na ƙoƙarin rama wa mutum wani abu daga lokacin da hanya ta ci, amma ramuwar na da iyaka, ba a yi ta don wanda sabis ɗinsa ke ɗaukewa ɗungurungum ba. Kun san abin dariya? Su kansu masu rubuta Stockfish sun sa masa wani saiti na ware ɗan lokaci a kowane taku saboda jinkirin hanya, don kada agogo ya cinye shi. Inji ma an yi masa tanadin jinkiri. Yaron Bubuche ne kawai ba a yi wa ba. Saboda haka gwajin da kwamiti ya yi, abin da ya tace shi ne wa ke kusa da eriya mai kyau. Da sun tambaye ni da na ba su wannan sakamakon kyauta ba sai an ƙona data ba.

Abin mamaki, mu Kabawa ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. Shekara nawa muna bikin kamun kifi na Argungu? Tun 1934, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Me ya sa duniya ke zuwa kallo? Don dubban mutane na tsaye a bakin Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa, ba mai shiga sai an ba da alama, sannan a ruga tare. A ce wani ya zo da jirgi mai inji da na'urar hango kifi a ƙarƙashin ruwa, ya ce ai lokacin da aka ba ku shi aka ba ni, tare muka shiga tare za mu fito. Sarkin Ruwa zai saurare shi? Ko yaro ya san daidaita lokaci bai wadatar ba sai an daidaita kayan aiki. Jirgin ba laifi ya yi ba, aikinsa ke nan, kuma ranar da ake son kifin kasuwa shi za a nema. Wanda ya sa shi cikin gasar masu homa shi ne mai laifi. Ni ban zargi inji da magudi ba, inji bai san ma ana gasa ba. Mutanen da suka ɗora shi a matsayin alƙali nake magana da su.

Haka darar gargajiya da muka tashi muka ga iyayenmu na yi a gindin bishiya, gida 30, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya. Ba agogo, amma in ka daɗe 'yan kallo za su ishe ka da "taka mana, Malam, rana na faɗuwa". Wannan matsin kowa na jin sa daidai, domin duk mai zaune a wurin mutum ne mai jin kunya. A ces ta kan allo ma, dokar hukumar FIDE ta ce hannun da ka motsa ɗan dara da shi, da shi za ka danna agogo. Dokar ta san hannu na cin lokaci, shi ya sa ta hana wani ya yi amfani da biyu ya fi wani. To ina ga wanda ba ya da hannun ma sam?

Wani zai ce to ai akwai mutanen da suka ci inji a wasan sauri. Akwai, kuma labarin na da daɗi. A 2008 Hikaru Nakamura ya buga da Rybka, injin da ya fi kowane ƙarfi a lokacin, wasan minti uku a intanet. Ya toshe allon gaba ɗaya da sojoji, ya yi ta kai da komo ba ya barin a buɗe, har ya ba da manyan 'ya'yansa don injin ya ɗauka shi ke gaba. Injin, don gudun kunnen doki, ya buɗe wasan da kansa ta hanyar da ta rusa shi, Nakamura ya ci a taku 271. Ku lura da lambar nan, taku 271 a wasan minti uku. Ɗaya ne daga cikin mutanen da suka fi kowa saurin hannu a tarihin wasan, a Amurka, da kwamfuta da intanet mai kyau. In sai ka zama Nakamura kafin ka tsallake tantancewar gasar hutun Sallah a Augie, to a ba shi wayar kawai mu huta.

Akwai wani ɓangare kuma da ba a son a taɓa. An ce kowa ya buga a gida ya turo hoto. Wa ya ga wanda ya buga? Wa ya san ko yayan wani ne ya karɓi wayar, ko an kunna wani injin a waya ta biyu? Ban ce wani ya yi ba, kuma don Allah kada a fara nuna yatsa, don na ga an soma cewa wane ya cika sauri, lallai da inji yake. Wannan ma rashin sani ne. Mai satar amsa daga inji da hannu ba sauri yake yi ba, jinkiri yake yi, don sai ya kwafa takunka can, ya jira, ya kwafo amsa nan. Alamarsa ita ce kowane taku lokaci ɗaya yake ci, mai wuya da mai sauƙi, har wanda ko makaho ya san shi ne kaɗai mafita. Mutumin gaske yana zuba masu sauƙi ya tsaya a masu wuya. Zargi ba ƙaramin abu ba ne. Kun ga abin da ya faru a 2022 bayan Hans Niemann ya ci Carlsen a gasar Sinquefield a St. Louis: Carlsen ya fice daga gasar, Chess.com ta fitar da rahoto mai shafi 72, Niemann ya kai ƙara yana neman dala miliyan 100, sai a 2023 aka sasanta. Waɗannan masu lauyoyi ne da ƙwararrun bincike. Mu da za mu haɗu a masallaci ɗaya da kasuwa ɗaya, in aka ɓata sunan ɗan wani a kan waya guda, wa zai gyara? Ko a Argungu, a 2008 an ƙwace kyautar wanda ya zo na ɗaya bayan an gano kifin nasa ba a wurin aka kama shi da rai ba. A gaban dubban idanu ke nan aka gwada. Ina ga ɗaki a rufe?

Maganin duk wannan an daɗe da samo shi, ba sai mun ƙirƙiro ba. Bobby Fischer ne ya fito da agogon da ke ƙara wa ɗan wasa 'yan daƙiƙoƙi bayan kowane taku, aka yi amfani da shi a karawarsa da Boris Spassky a 1992. Ni gyara nake kiran sa, irin wadda mai tumatir ke ɗora maka bayan an gama ciniki. Amfanin gyaran shi ne ta biya maka harajin hannu: in kana gaba a allo, ba wanda zai ci ka don kawai ya fi ka saurin yatsa. Gasar duniya ta wasan sauri da FIDE ke shiryawa minti uku ce da gyaran daƙiƙa biyu a kowane taku. Su Carlsen ke nan, a zaune gaba da gaba, ba netwok a tsakani, an ga ya dace a ba su gyara. Mu da sabis ɗinmu ke tafiya kamar jakin da ya sha kaya muka ce minti ɗaya ba ƙari, wai don a gama da wuri.

Su ma masu dandalin ina da magana da su, ko da yake na san ba za su karanta Hausa a shafina ba. Lichess ta kyauta da ta sa wa kowane inji tambari a gaban sunansa, ta kuma ware su daga gasannin mutane, ka san da wa kake wasa. Amma in za a ce wa ɗan koyo ga inji sa'anka, to a sa masa jinkirin sa'ansa. A tilasta masa jiran ko da daƙiƙa ɗaya kafin kowane taku, agogonsa na tafiya, ya ɗan ƙara in allo ya rikice. Ba abu ne mai wuya ba ga wanda ya iya rubuta injin da ya fi zakaran duniya. In ba haka ba, abin da yaro ke koya daga irin wannan wasa shi ne jefa taku ba tunani, don ya ga mai tunani ne ke faɗuwa. Na ga yaran da wata uku da suka wuce suke zama su lissafa taku uku gaba, yanzu yatsa kawai ke aiki, in ka zaunar da su a allo sai su taɓa ɗa kafin su duba. Kuma mafi muni, wanda ya faɗi sai ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Yaron da na ba ku labari cewa ya yi zai goge manhajar, wai wasan na 'yan birni ne.

Yaya shugaba, da sauran 'yan kwamiti, na san ba da mugun nufi kuka yi ba, aiki ne ya yi maku yawa kuma ba biyan ku ake ba. Amma a soke wannan tantancewar. A mayar da duk wanda aka cire. In mutane sun yi yawa, a raba su rukuni-rukuni, 'yan Bayawa su buga da junansu a Bayawa, 'yan Argungu a Argungu, 'yan Birnin Kebbi a can, kowane rukuni da babba ɗaya mai sa ido, mutum da mutum, gaba da gaba. Allo bai gagara ba, ko kwali aka zana aka yi 'ya'ya da marafan kwalba zai yi, a nan garin muna da alluna biyu na gaske kuma zan ba da nawa. Agogo kuwa akwai manhajarsa kyauta, waya ɗaya a tsakiya ta isa, ba ta buƙatar data ko kaɗan. A sa minti goma da gyaran daƙiƙa biyar, in ana sauri minti biyar da gyaran uku. Waɗanda suka fito daga rukuni su haɗu a Augie ranar ƙarshe. Zai ɗauki kwana biyu maimakon dare ɗaya, kuma kuɗin mota na yaran ƙauye biyu ni zan biya, wanda zai iya ɗaukar wasu ya yi magana a ƙasa.

Inji kuma a bar shi inda yake da amfani. Bayan an tashi wasa a loda masa abin da aka buga, ya nuna wa yaro inda ya yi kuskure da abin da ya kamata ya taka, a nan ba malamin da ya kai shi kuma ba ya gajiya da tambaya. Wanda ke cikin gurup ɗin ya tura wa shugaba wannan, don ni an hana ni tura saƙo tun shekaranjiya.